Gurbina a Sahu na Biyu

Shekarar da kaina ya juya mini baya
ina ɗinkin takalma a bakin Marina,
jar fatar akuya a kan gwiwata, basilla a hannu,
sai na ji ana kiran sunana daga cikin randa.

Na leƙa. Ruwa ne kawai.
Amma muryar ta biyo ni har ɗaki,
ta kwanta tsakanina da bango,
ta ce kada in ci tuwon Tumba,
ta ce maƙwabta sun binne mini laya a bakin ƙofa.
Kwana tara ban runtsa ba.
Ran na goma na fita ba hula, ƙafa a ƙasa,
ni da nake ɗinka wa rabin unguwa abin takawa.

Yara suka raɗa mini suna.
Ba zan faɗe shi ba.
Kawuna ya kawo mari daga maƙera,
ya ce don ƙauna ya yi, na kuma yarda,
sai dai ƙarfe bai san ƙauna ba,
ga shatinsa nan a idon sawuna.

Liman Hali ya shigo bayan la'asar,
ba bulala, ba kaskon hayaƙi.
Ya tattara rigarsa ya zauna ƙasa, nan inda zarni yake,
ya ce, "Modi, mi ka ci yau?"
Wata uku ke nan
ba abin da ake tambayata sai wa nake gani.

Ya yi addu'a ya shafa mini,
ya dubi kawu: "Ku kwance shi.
Wani magani na cikin tafin hannu in an ɗaga,
wani na Kware wurin likita.
Mu kau duka biyu mu ka so."

Bayan isha'i aka zagaya da hula.
Mai kayan miya ya sa ɗari biyar,
mai faci ya sa hamsin yana sunkuyar da kai.
Ladan Ɗantani ya ce ba shi da ko sisi
amma yana da babur.
Ya goya ni da sanyin safiya,
ya ɗaure ƙuguna da nasa da rawani.
Ashe ɗauri ma iri-iri ne.

Ƙwayar ta sa ni barci, ta sa hannuna rawa,
zare ya ƙi shiga kafar basilla.
Matan islamiyya suka raba kwanaki,
yau Inno da fura, gobe wata da tsakin gero,
su zauna da Tumba ta yi kukanta ta gama.
Ladan kuwa in ya sauko daga kiran assalatu
sai ya ƙwanƙwasa tagata: "Ka sha?"

Da bazara ta gasa garin na ce na warke,
na zuba maganin a kwata.
Muryar ta dawo da 'yan'uwanta.
Babur ya sake tashi.
Ban ji wanda ya ce ya gaji ba,
ko da yake na ga gajiyar a fuskar Ɗantani.

Ran da na koma masallaci
na tsaya can baya, kusa da takalma.
Wani ya ja jikinsa.
Liman ya waiwayo, ya ce a cike sahu,
bai yi kabbara ba, ya tsaya yana jira,
har tsoho Marafa ya kamo hannun rigata.
"An ɗauke maka alƙalami kwanakin can," in ji shi,
"ba a ɗauke maka gurbi ba."

Yanzu littafin asusun yana aljihuna,
suna goma sha ɗaya, da ranar komawar kowa.
Gobe akwai wani yaro a Gidan Igwai
da ya daina magana tun damina.
Na auna ƙafarsa da igiya yana kallon rufi,
daren nan zan gama takalmin.

Randa na nan.
Wani lokaci takan yi gyaran murya.
Sai in ɗebi ruwa, in haɗiye ƙwayata da bismillah,
in mayar da faifai.